Mutumin da Ya Rubuta "Lafiya Lau" Bai Duba Ba

An yi wani mutum a nan cikin Sakkwato. Ba za mu faɗi sunansa ba, don darasi muke nema, ba tonon asiri ba.

Wasu likitoci ne suka haɗu suka buɗe ƙananan asibitoci uku, ɗaya a Gidan Igwai, ɗaya wajen Ƙofar Atiku, ɗaya a Gidan Dare. Suna da magani da ma'aikata, amma katin marasa lafiya yakan ɓace musu. Sai suka ajiye babbar na'urar adana bayanai a kowane asibiti. Duk abin da likita ya rubuta a ɗaya, sauran biyun su kwafa nan take, domin in ɗaya ta mutu, biyu su riƙe.

Shugabansu, Malam Hayatu, ya ɗauki mutumin nan aiki guda. Kowace safiya zai buɗe kwamfuta ya duba lafiyar ukun: ko suna tafiya tare, ko wuri ya kusa cika, ko zafinsu ya ƙaru. Ya gwada na yau da na makon jiya, sannan ya rubuta rahoto.

Shekara guda yana dubawa, kullum ba matsala. Sai ya fara ganin dubawar wahalar banza ce. Ya koma yana zuwa ya zauna, ya sha shayi, ya rubuta kalma biyu: "Lafiya lau."

Ya 'yan uwa, mun san kalmar nan. In aka tambaye ka iyali a kan hanya, ko da mai zazzaɓi a ɗaka, "lafiya lau" za ka ce, kuma ba laifi, ladabi ne. Amma shin rahoto gaisuwa ce? Malam Hayatu ba gaishe shi yake yi ba. Shaida yake nema.

Na'urar Gidan Dare ta fara jinkiri. Da farko minti biyar take baya, daga nan yini, daga nan ta daina kwafa. Wayar mutumin nan ta yi ta ƙarar gargaɗi, sai ya kashe ƙarar don tana damunsa. Bayan wata uku ta Ƙofar Atiku ta cika, ita ma ta tsaya. Asibitocin uku suka rataya ga na'ura ɗaya, ba wanda ya sani.

Da zafin bazara ya tsananta, ta Gidan Igwai ta ƙone. Aka koma ga sauran biyun, aka ci gaba da aiki, domin rahoton safiyar ya ce lafiya lau.

A ranar aka kai mahaifiyar mutumin nan asibitin Gidan Dare a sume. Wata huɗu kafin nan an rubuta a Gidan Igwai cewa jikinta ba ya karɓar wata allura. Likita ya buɗe, ya ga bayanin wata bakwai da suka wuce, babu gargaɗin a ciki. Ya yi mata allurar. Kafin la'asar Allah Ya karɓi abarsa.

Bayan sadakar bakwai, Malam Hayatu ya kira shi, ya shimfiɗa rahotanni fiye da ɗari biyu a gabansa. Bai ɗaga murya ba.

"Malam, mi kad duba kahin ka rubuta wagga kalma?"

Aka sallame shi, kuma ba wanda ya sake ba shi riƙon komai. An ce har yau in aka gaishe shi, ba ya iya cewa "lafiya lau."

Ya 'yan uwa, ajali na Allah ne, amma za a tambayi kowa amanar da aka ba shi. Mutumin nan bai ɗauki kayan kowa ba. Shaidar abin da bai gani ba ya bayar, kowace safiya, har ta zame masa jiki. Mu fa, sau nawa muka sa hannu a kan abin da ba mu duba ba?

Allah Ya kiyaye mu da shaidar abin da idonmu bai gani ba, Ya jiƙan tsohuwar, Ya yafe wa ɗanta. Amin.