Manomin da Wayarsa Ta Ƙi Cika

Akwai wani manomi a wani ƙauye na gindin dutse, mutum mai son sanin dalilin kowane abu. In kazarsa ta daina ƙwai sai ya bincika. In rijiyar maƙwabci ta fi tasa ruwa, ba zai huta ba sai ya leƙa ya ga inda bambancin yake. Mutanen gari sukan yi masa dariya, shi kuwa ko a jikinsa, yakan ce matambayi ba ya ɓata.

Yana da 'ya guda ɗaya mai suna Afiniki, tana aure a birni. Mijinta ne ya ba manomin babbar waya, irin wadda ake shafa fuskarta da yatsa, da cajarta fara sol a cikin kwali. Manomin ya ƙaunaci wayar nan ƙwarai. Kullum tana cikin aljihun rigarsa, a gona da masussuka da kasuwa, tare da goro da duk abin da hannunsa ya tsinta a hanya.

Da kaka ta yi, watan haihuwar Afiniki ya kama. Cikin fari ne, likita kuma ya ce a sa ido, gama kwanciyar ɗan ba daidai take ba. Matar manomin ta ɗaure kayanta za ta birni. Shi bai iya bin ta ba, domin dawa tana zube a masussuka, ga awaki ba mai duba su. Da za ta shiga mota sai ta ce, "Baban Afiniki, kada ka bar wayar nan ta mutu. Ka san 'yarka, ba ta shiga wani babban abu sai ta ji addu'arka."

Ya ce, "Je ki da kwanciyar rai. Ko tari ta yi zan ji."

To, a ƙauyen nan babu wutar lantarki. Tela ne, wani mai suna Dogara, yake da farantin sola a kan rufin shagonsa, can kowa yake kai wayarsa. Sabis kuma ba ya sauka cikin gari, sai mutum ya hau kan dutsen da ke bayan gidaje kafin waya ta kama. Dā manomin yakan ajiye wayarsa da safe, kafin rana ta take ta cika. Amma a kwanakin nan sai ta soma nawa. Yakan sa mata caja, alamar walƙiya ta fito a fuskarta kamar kullum, ya tafi sussuka da farin ciki. In ya dawo da yamma sai ya tarar ɗan abin da ta sha bai kai ya kawo ba. Yakan ɗauke ta ya nufi dutse da sauri, amma kafin ya kai inda sabis yake ta ɗauke. Lambar surukinsa kuma tana cikin wayar, bai taɓa riƙe ta a ka ba, balle ya ari wayar wani ya kira.

Abin ya dame shi, ya kuma ba shi mamaki. Yaya abu zai nuna yana sha, wuni guda, amma bai ƙoshi ba? Ya juya cajar nan fara, ya dube ta sama da ƙasa, ya yanke mata hukunci. Ya ce ta tsufa. Ya jefa ta ƙarƙashin teburin tela.

Ranar kasuwa ya je wurin mai sayar da kayan waya, aka ba shi wata sabuwa mai jar igiya, har da ɗan haske a kanta. Mai kayan ya ce, "Baba, wannan kafin ka gama shan kunu ta cika maka waya." Manomin ya sha kunu, ya ci tuwo, ya yi sussuka har rana ta yi sanyi, waya tana nan inda take. An ce sannu ba ta hana zuwa, amma wannan ko hanya ba ta kama ba.

Sai ya shiga ara. Ya aro ta mai shayi, bakinta ya yi faɗi, ta ƙi shiga. Ya aro ta ungozoma, bakinta na wata irin waya ne dabam, ya juya ta gaba ya juya ta baya, ta ƙi. A nan ya koyi cewa caja ma dangi-dangi ce, ba kowace take shiga kowane gida ba. Ya samo wata wadda bakinta ya yi daidai amma kanta ƙarami, Dogara ya ce irin wannan ta ƙananan wayoyi ce, wutar da take bayarwa ba ta ƙosar da babba. Manomin ya ji daɗin wannan sani, ya adana shi. Ya samo mai babban kai. Ita ma labarin bai sāke ba.

Da cajoji suka ƙare, sai ya koma kan ranar Allah. Ya tsaya a ƙofar shago ya ɗaga kai yana hararar farantin sola. "Dogara, anya abin nan naka yana jan rana yadda ya kamata?"

Tela bai ko ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki ba. Ya ce, "Ranar da take cika wayoyin gari duka, taka ce kaɗai za ta yi wa rowa?"

Manomin ya lura in ya danna bakin caja da ƙarfi, alamar walƙiya takan tsaya sosai. Saboda haka ya riƙa dannawa da dukan ƙarfin babban yatsansa, yatsan da ya saba da ƙotar fartanya. Ya yanko robar tayar keke ya ɗaure igiya da waya tamau, ya jingine su da gwangwanin maɓallai. Kullum yana ƙara ƙarfi, kullum waya tana ƙara nawa. Tsoro ya fara shiga zuciyarsa saboda 'yarsa, tsoron kuma ya juye ya zama fushi. Yakan ce a ransa, "Su ma ai da suna nemana da sun same ni. An shiga birni an manta da tsoho."

Ana nan, wata safiya matar tela ta tafi biki da cajar mijinta. Dogara ya laluba ƙarƙashin tebur, ya jawo farar cajar nan da manomin ya yar, ya kaɗe mata ƙura, ya sa wa tasa wayar. Manomin yana zaune a benci yana kallo, yana jira ya ga tela ya sha irin wahalar da ya sha. Kafin Dogara ya gama ɗinka wando ɗaya, wayarsa ta yi nisa.

Manomin ya miƙe. "Tsaya! Ba ni in gani."

Ya zare cajar ya sāke sa wa wayar tela. Ta shige har wuya, ta yi ɗan ƙara, ƙas. Ya zare ya sa wa tasa. Ba ƙara, rabin ƙarfen kuma yana waje. Ya gwada jar igiyar, haka. Ya sāke gwadawa, haka dai. Duk kwanakin nan ya binciki caja, ya binciki igiya, ya binciki rana, bai taɓa leƙa bakin wayarsa ba. Laifi tudu ne, ya taka nasa yana hangen na wasu.

Ya fita waje ya karkata ɗan ramin cajin ga hasken rana, ya kanne ido ɗaya. Maimakon ya ga ƙarfe yana ƙyalli, sai ya ga wani abu toka-toka ya toshe ƙasan ramin. Ya miƙa hannu zai ɗauki allura, Dogara ya ce, "A'a, Baban Afiniki, allura ƙarfe ce, za ta yi maka ɓarna. Kashe ta tukuna, ka nemi tsinke." Manomin ya karyo tsinken tsintsiya, ya fiƙe shi, ya shiga sakata a hankali. Sai ga ƙaiƙayin dawa yana fitowa, da zaren aljihu, da ɓarɓashin goro, duk sun dunƙule sun yi tauri kamar ƙuliƙuli. Ya zuba su a tafin hannunsa, dukansu ba su kai ƙwayar gero biyu ba. Nan ya gane cewa duk dannawar da yake yi da ƙarfi, shi da kansa yake ƙara cusa su ciki.

Ya ɗauki tsohuwar cajarsa ya sa. Ƙas. Ranar bai je masussuka ba, ya zauna yana kallon waya tana sha kamar saniyar da ta dawo daga kiwo. Da ta yi ƙarfi ya zare ta ya hau dutse, yana haki. Yana kaiwa sama ta fara kuka a hannunsa, saƙo a kan saƙo, duka na shaidar an kira ba a same shi ba. Ya kira surukinsa, uwar Afiniki ce ta ɗauka.

"Baban Afiniki! Ina ka shiga? Shekaranjiya aka yi mata aiki. Ta ce ba za ta shiga ɗakin tiyata ba sai ta ji muryarka. Muka yi ta kira, muka yi ta kira, har likita ya ce ba sauran jira. Tana kuka aka tura ta."

Manomin ya zauna a kan dutse. Da ƙyar ya ce, "Tana da rai?"

"Tana da rai, Ubangiji ya yi jinƙai. An sami ɗa namiji. Ga ta."

Ya ji kukan jariri daga nesa, sa'an nan wata murya siririya ta gajiya ta ce, "Baba, na yi ta kiranka."

Manomin ya yi kuka, ya roƙe ta gafara, ya yi mata addu'ar a makare.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Wayar nan zuciyar mutum ce. Wutar da take saukowa daga rana alherin Allah ne, wanda ba ya ƙarewa, ba ya kuma yi wa kowa rowa. Caja ita ce hanyar da alherin yake bi ya iso gare mu, wato Maganar Allah da addu'a da zumuntar masu bi. Gaskiya ne ba kowace koyarwa ce ta dace a sa wa zuciya ba, akwai wadda ba ta shiga, akwai mai ƙyalli marar ƙarfi, ya kamata mu gwada. Amma manomin nan tun farko yana da caja mai kyau, shi ya yar da ita.

Da yawa a cikinmu haka muke. Muna zuwa sujada kowace Lahadi, muna rera waƙa, alamar walƙiya tana nan a fuskarmu, kowa yana tsammani muna cika. Mu fita ƙofa, kafin Litinin ta yi yamma mun ɗauke. Sai mu ce wa'azin fasto ne ya yi sanyi. Mu sauya majami'a, mu bi taron farkawa na gabas da na yamma. Waɗansunmu har sukan ce Allah ne ya yi shiru. Waɗansu kuma sukan ƙara ƙarfi, su ƙara azumi, su ƙara ɗaga murya, alhali gabar da suke yi da ɗan'uwa tana nan, suna ƙara danna ta ciki.

Ku lura, ba dutse ne ya toshe wayar ba. Ƙaiƙayi ne, abin da iska take ɗauka. Ƙaramar ƙarya da aka saba da ita, ɗan tsegumi a bakin rijiya, gaisuwar da ka hana maƙwabcinka tun bara, hassadar da ka sa wa suna "ni dai gaskiya nake faɗa". Ba wanda ya tashi rana ɗaya ya zuba su. A aljihun zaman yau da kullum ake kwasarsu, kaɗan-kaɗan, sai sun rufe hanya. Ba a kuwa ganinsu a inuwa. Sai mutum ya karkata zuciyarsa ga hasken Ubangiji, ya yarda ya leƙa, ya fitar da su da tuba, ɗaya bayan ɗaya.

Kada wani ya ce zai yi wannan in ya sami sarari. Afiniki ta rayu, ta kuma yafe wa ubanta da zuciya ɗaya. Amma sa'ar da ta tsaya a ƙofar ɗakin tiyata tana kuka tana neman muryarsa, wannan sa'a ta wuce, ba ta dawo ba. Yau ma akwai mai kiranka, ko Ubangiji da kansa, ko wani da yake cikin tsoro yana bukatar addu'arka. Ka duba zuciyarka tun yana kan kira.