Mai Guga da Mita Mai Ido Biyu

Akwai wani mutum a wani gari, sana'arsa wanki da guga. Ba shi da gona, ba shi da shago. Dutsen gugarsa na lantarki shi ne ke ciyar da shi da matarsa Liyatu da ɗansu Habila da ke goye. In dutsen ya yi zafi, tukunya ta hau murhu, in kuwa ya huce, sai a kwana haka. Mutum ne mai ƙwazo, amma fa akwai taurin kai. In ya ƙulla abu a ransa, ko fasto da dattawan ikilisiya sun taru a kansa ba sa kwance shi.

Ana nan sai ya kama hayar wani gida, ya je wurin masu wuta don a san da zamansa. Wani ma'aikaci ya yi masa bayanin alkawarin da zai kasance tsakaninsu, shi kuwa hankalinsa yana kan kayan mutane da ya bari a jiƙe. Ya yi ta cewa "To, to," ya fito bai riƙe ko kalma ɗaya ba.

Mitar gidan ba irin wadda ya saba gani ba ce. Ido biyu gare ta: a kan ɗaya an zana rana, a kan ɗayan an zana wata. Yana tsaye yana kallonta sai ga maƙwabcinsa Barnaba, wanda bai taɓa cewa "ban sani ba" tun da aka haife shi.

Barnaba ya ce, "Kai, ka yi sa'a! Wannan idon mai rana, tsada gare shi. Mai watan nan kuwa, kusan kyauta ne. Wanda ya tashi daga gidan nan, da dare yake kunna injinsa, kuɗin da yake biya bai kai ya kawo ba."

Mai guga ya yi murna ƙwarai, ya ce a ransa, "Ashe haka ne? To, daga yau idon rana ba zai ƙara cin kuɗina ba."

Haka kuwa ya yi. Da rana ya zama mai gadin mita. Ya hana a kunna fanka, ya hana a kunna rediyo. In ya ji ƙarar makunni daga ɗaki, ko barci yake yi sai ya zabura ya ce, "Wane ne?" Amma da zarar rana ta faɗi, sai ya zama wani mutum dabam. Ya kunna kowace fitila, har ta bayan gida da ba mai shiga. Ya dafa ruwan wanka da hita, ya manta da shi ya tafasa ya ƙafe, ya sake zuba wani. Ya bar dutse a jone ya fita hira ƙofar gida, dutsen yana ta shan wuta ba ya goge komai. Ai ta wata ce, mai araha.

Lokacin bazara ne. Ƙurajen zafi suka feso wa Habila a wuya da gadon baya, yana kuka, uwarsa tana yi masa fifita da murfin kwano har hannunta ya gaji. Wata rana ta ce, "Baban Habila, don Allah a kunna masa fankar nan ko ya samu barci."

Ya ce, "Ki yi haƙuri rana ta faɗi."

Ta ce, "Da rana zafin yake cinsa. Kai ka tabbata ma abin da Barnaba ya faɗa haka yake? Ka koma ka tambayi masu wutar mana."

Ya ce, "Tambayar me? Ga rana ga wata a zane, ko makaho ya shafa zai gane."

Wata ya ƙare, kuɗin wuta ya zo, ya fi ƙarfin aljihunsa. Ya ce kuskure suka yi, ya ƙi biya, ya ƙara matsa wa rana. Na gaba ya zo ya fi na farko. Ya ce ai lalle akwai mai kunna wani abu a ɓoye in yana barci, har ya zargi matarsa. Wannan zargi ya yi wa Liyatu zafi fiye da bazarar, ta yi kuka, ta daina yi masa maganar.

Ran nan da tsakar rana sai ga ma'aikacin wuta da tsani a kafaɗa. Ya jingina shi da falwaya. Mai guga ya fito da gudu ba ko takalmi, ya riƙe ƙafar tsanin, ya ce, "Ranka ya daɗe, tsaya! Zo ka duba mitar nan da idonka. Na rana bai motsa ba. Duk wutar da na sha ta wata ce."

Ma'aikacin ya je ya duba, ya ce, "Gaskiyarka, na rana bai motsa ba. Amma malam, wa ya ce maka ta wata araha ce?"

"Ga ido biyu nan!"

"Mita ce mai ido biyu. Alkawarinka da mu kuwa na farashi ɗaya ne, an kuma faɗa maka ranar da ka zo. Wanda ya tashi, nasa alkawarin dabam ne, ya tafi da abinsa. Kai kuwa, muna karanta wannan, mu karanta wancan, mu haɗa su, kuɗinsu ɗaya."

Ya hau, ya yanke waya, ya naɗe ta, ya tafi.

Mai guga ya tsaya a rana, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ya shiga ɗaki ya ga dutsensa a sanyaye, ga kayan mutane tuli guda. Ya dubi wuyan ɗansa, ya dubi matarsa. Ya durƙusa ya ce, "Maman Habila, na cuce ku a banza. Ki gafarta mini."

Ta ce, "Na yafe. Yanzu me za mu ci?"

Nan taurin kan nan nasa ya yi rana. Bai je ya yi faɗa da Barnaba ba, bai kuma nemi mai yi masa haɗin sata ba, ko da yake an ba shi wannan shawara. Ya tono tsohon dutsen gawayi na mahaifinsa daga ƙasan gado, ya kankare tsatsar, ya shimfiɗa bargo a ƙofar gida. Kullum tun da safe yana hura gawayi, hayaƙi yana sa shi hawaye, tartsatsi yana ƙona masa yatsu, masu wucewa suna yi masa ba'a suna cewa, "Ina wutar wata?" Shi dai ya ce, "Sai na mayar da wayar nan." Abin da ya samu, ya raba biyu, rabi na tuwo, rabi ya kai wa masu wuta, har ya gama biya.

Ranar da aka mayar da waya, rana tana tsaka. Ya shiga ɗaki da kansa ya kunna fanka, ya juya ta wajen Habila. Da magariba ta yi ya gama aikinsa, ya zare dutsen daga soket.

Ma'anar wannan misali ita ce, mitar nan mai ido biyu rayuwarmu ce kamar yadda muke raba ta. Idon rana shi ne abin da mutane suke gani: ranar Lahadi, cikin majami'a, gaban fasto. A nan muna lissafin kowace kalma, har mu takura wa na kusa da mu don a ce mu masu tsoron Allah ne. Idon wata shi ne inda muke zaton ba mai gani: a kasuwa bayan mudu, a garin da ba a san mu ba, a cikin wayar da ke aljihunmu, a cikin gida bayan an rufe ƙofa. Barnaba kuwa shi ne muryar nan da ke ce mana, "A nan zunubi araha ne, kowa ma yana yi."

'Yan'uwa, Mai wutar bai yi irin wannan alkawari da mu ba. Ubangiji yana karanta ido biyun, yana haɗa su, farashinsu ɗaya. Ƙaryar ranar Talata ba ta fi ta ranar Lahadi sauƙi ba. Amma ku lura, wayar da aka yanke an mayar da ita. Wanda ya durƙusa ya ce "na yi kuskure," ya kuma tashi ya gyara, alherin Allah yana jiransa, shi ma da rana da dare ɗaya ne.

Saboda haka in kun koma gida yau, kada ku tsaya kallon idon rana, wannan kun riga kun san abin da ya rubuta. Ku je ku duba na watan.