Kurege Mai Ɗanɗanon Italiya

Ga wata nan tafe, ku gyara zama.

Shekarar da gyaɗa ta ƙi, yunwa ta sa Kurege a gaba har jelarsa ta fi jikinsa nauyi. Ya tsinci ɓawon ƙwan jimina ya kifa a ka a matsayin hula, ya rataya farin tsumma a hannu, ya nufi gidan Damisa. Ya tarar ta kayar da barewa, tana ci tana korawa da ruwan tafki.

Ya ce, "Sannu da aiki, Yaya. Nama da ruwan tafki? To, Allah ya sawwaƙe."

"Kai kuma daga ina?"

"Daga Italiya. Ni ne Kurege, wanda masu gonakin inabi ke miƙewa tsaye in ya shigo. A can ruwan inabi iri biyu ne, ja na nama, fari na kifi. Wanda ya haɗa ba daidai ba, a jikinsa ake gani." Ya dubi dabbare-dabbaren jikinta, ya kau da kai.

Da su aka haifi Damisa, amma ran nan ta fara jin kunyarsu.

Babu inabi a dajin, sai Kurege ya ce zoɓo ma ya yi, tunda ja ne. Aka dafa. Ya juya ƙoƙon, ya shinshina, ya kurɓa, ya lumshe ido. Ya ce a gwada shi da hanta, ya cinye hantar. "Bai karɓe ta ba. A kawo ƙoda." Kafin a gano abin da ya dace da zoɓon, saura ƙashi da kofato.

Da gari ya waye ya gangara kogi wurin Kada. "Kawu, kaushin bayan nan naka ba gado ba ne, cin kifi ne babu farin abin sha." Kada ya sa aka dama kunun zaƙi. Kurege ya ɗanɗana tarwaɗa daga kai har wutsiya, ya ce da saura, a kawo karfasa.

Haka aka yi ta yi. Kurege ya yi ƙiba har da ƙyar yake shiga raminsa. Damisa da Kada suka rame, dabbare-dabbare da kaushi kuwa suna nan yadda suke. Suka ce gobe a haɗa komai wuri guda, a gama gwajin nan.

Da gari ya waye aka jera nama da kifi da ƙoƙuna. Kurege ya miƙa hannu ke nan, sai Tsattsewa, wadda ke zuwa Italiya duk shekara da fikafikanta, ta yi magana daga kan reshe. "Ikon Allah. Masu ɗanɗanon can ai ba sa haɗiyewa. Su kurɓa, su juya a baki, su tofar."

Damisa ta ce, "Haka ne, ƙanena?"

"Haka ne. Darasi na gaba ke nan, dama yau za mu fara shi."

Aka ajiye masa kasko. Ya kurɓi zoɓo ya tofar. Damisa ta ce naman ma haka. Ya tauna hanta mai maiƙo, ya tofar, idonsa ya kawo ruwa. Ni kaina na tausaya masa. Daga nan ya koma tofar da kaɗan, yana cusa sauran a kumatu.

Kada ya ce, "To, wanne ya dace da wanne?"

Kurege ya gyaɗa kai.

"Da baki ake amsawa."

Ya sake gyaɗa kai. Damisa ta sa tafukanta ta matse kumatun. Hanta ta fito, kan karfasa ya biyo, har da wata tsoka da ba a ma ba shi ba.

Kada ya kai masa jela, hular ta tarwatse. Damisa ta kai masa farce, ta zane shi gefe da gefe, zanen da jikokinsa ke yawo da shi har yau. Ya faɗa rami, ƙibar ta riƙe shi a ƙofa, sai da duka na biyu ya tura shi ciki.

Da ya huta, ya leƙo da kumburarren baki. "Zoɓon ma bai dahu ba. A Italiya ko mabaraci ba a ba irinsa."

Ƙurunƙus, kan Kurege ya sha da ƙyar.