Tuwon Maiwa da Kujerar Makka

Ku gyara zama, ga wani abu da ya faru a Zariya, in na kai ƙarshe ku ne za ku raba gardamarsa.

An yi wata mata ana ce da ita Hajiya Tasalla, tana da gidan abinci a kan hanyar babban asibiti. Ba wani katafaren wuri ba ne, amma akwai tsabta, wanda ya ci sau ɗaya kuma yakan dawo. A cikin ma'aikatanta mutum uku ne ginshiƙai. Akwai Sallau, mai kai wa baƙi abinci, mutum mai sanyin baki. Akwai Mati mai cefane, wanda babu lungun kasuwar da babur ɗinsa bai shiga ba. Sai Iya Larai mai girki, wadda ta yi furfura a gaban murhu.

Wata rana da damina, bayan azahar, wani mutum ya shigo yana turo tsohuwa a keken marasa lafiya. Sunansa Alhaji Bawale, falken hatsi ne, tsohuwar kuwa mahaifiyarsa ce, Inna Yelwa. Hajiya Tasalla na ganin fuskarsa ta san ba yunwa ce ta kawo shi ba. Da ta je gaishe su sai ya faɗa mata halin da ake ciki. An kwantar da tsohuwar za a yi mata aiki a ciki, amma tun rasuwar mijinta take tsakurar abinci, da aka zo asibiti kuwa ta rufe baki gaba ɗaya. Likita ya ce ba zai yi aikin ba sai ta yi ƙarfi, ciwon kuma ba ya jira. An ce a sa mata robar abinci ta hanci, ta ce ba da ranta ba. Shi ne ya roƙi a ba shi ita na ɗan lokaci, ko canjin wuri zai buɗe mata baki.

Alhaji Bawale ya sa aka cika tebur. Aka kawo farfesun kaza, aka kawo sakwara, aka kawo shinkafa da kifi. Tsohuwa ta dubi kwanukan, ta kau da kai wajen bango.

Sallau ne ke tsaye a kansu. Da ya matso mata da farfesun sai ya ji ta ce ƙasa-ƙasa, "Mi za ni yi da wagga kaza?" Ya gane harshen Zamfarawa ne, don kakarsa mutuniyar ƙasar Mafara ce. Ya kwashe kwanukan duka, ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a gefen da babu hayaniya, ya roƙi ɗan su sauko da ita. Ya durƙusa a gabanta ya gaishe ta da irin gaisuwar mutanen can. Bai tambaye ta abin da take son ci ba, don ya san an gajiyar da ita da wannan tambayar. Sai ya ce, "Inna, da can in maigida ya dawo daga gona, me kike aza mishi?" Ya tsaya a durƙushe yana jiranta, ana ta kiransa daga wasu teburan yana yi kamar bai ji ba. Can ta ce tuwon maiwa, da miyar kalkashi da daddawar batso, wato daddawar da ake yi da 'ya'yan yakuwa. Ta ce in da za ta ji ƙamshinsa, wataƙila ta taɓa.

To, a gidan Hajiya Tasalla ba maiwa, ba batso, kalkashin ma babu. Mati ya buga babur ya fita, hadari ya riga ya haɗu. Ya sami kalkashi a kasuwa, ya sami maiwa a wurin masu hatsi, amma duk mai daddawar da ya tambaya batso sai ta toshe hanci ta ce ba a sayar da ita a nan. Ruwa ya sauko. Wani zai juyo ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ba kuma wanda zai zarge shi. Mati ya tuna da wata unguwa a bayan gari inda Zamfarawa suka sauka, ya nufe ta. Ya tarar rafin da ke kan hanya ya kawo, ya bar babur a gindin bishiya, ya ɗora kayan a ka, ya shiga ruwa har ƙirji. Ya bi gida-gida yana sallama a ƙofa, har ya dace da wata dattijuwa da ke da ɗan curi guda da ta ɓoye wa kanta. Ta ce ba ta sayarwa. Ya ba ta labarin tsohuwar, ta ba shi kyauta. A kan hanyar dawowa ya tarar babu wuta a injin niƙa, ya ci gaba har inda ake niƙa da injin mai. Ya iso jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya ya tafi da ruwa, amma garin maiwa ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Saura Iya Larai. Ita Bazazzagiya ce, ba ta taɓa girki da batso ba. Ta fara kiran ɗan ta tambaye shi abin da likita ya hana, ya ce gishiri da kanwa, sai ɗan kaɗan. Kowa ya san miyar kalkashi da kanwa take yauƙi. Ta ƙi gas, ta hura itace a bayan kicin, ta aza tukunyar ƙasa, don ta ce hancin tsohuwa zai nemi hayaƙi. Tukunyar farko ta tsinke kamar ruwa, ta zubar. Daddawar da ta rage ba ta fi ta miya ɗaya ba, in ta ɓaci shi ke nan. Ta rage wuta, ta dama garin kalkashin da ruwan sanyi, ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan tana burgawa, ba ta ɗaga kai ba har miya ta kama. Tuwon kuma ta tuƙa shi da laushi yadda maƙogwaron da ya daɗe a rufe zai iya haɗiya, ba tare da ya koma kunu ba. Warin batso ya cika gidan, wasu baƙi suka fara ƙorafi. Hajiya Tasalla ta bi su tana ba da haƙuri, ta ce yau dai a yi mata uzuri.

Aka kawo a akushi, aka ajiye a gaban Inna Yelwa. Ta sunkuya ta shaƙa. Ta miƙa hannu aka zuba mata ruwa ta wanke, ta yi bisimilla, ta yanki loma. Ta haɗiye, ta sake yanka. Ba ta ɗago ba sai da ta ci rabin malmala, sannan ta dubi ɗanta ta ce, "Bawale, a ƙaro miya." Babban mutum da shi, ya rufe fuska da hularsa yana kuka. Masu ƙorafin ɗazu suka taso suna yi masa barka, har wasu suka ce a zubo musu irinsa.

Da zai tafi ya ga kuɗin tuwo kawai aka caje shi. Ya ce a manyan gidajen abinci ana ɗora kuɗin hidima, ina nasu? Hajiya Tasalla ta ce, "Alhaji, mu ba ma ɗora wa mutum. In ransa ya yi daɗi, ga ƙwarya can." Al'adar gidan ke nan, duk tukuicin da aka bayar a ƙwaryar ake zubawa, ran Juma'a a raba wa kowa daidai. Ya zuba abin da ya zuba, ya tafi.

Daga ranar kullum ana kai tuwon asibiti, don Alhaji Bawale ya aika garinsu an kawo batso. Tsohuwa ta murmure, aka yi aiki, aka dace. Bayan kaka sai ga ta ta shigo da ƙafarta tana dogara sanda, ɗanta a baya, ma'aikata suka fito ana ta murna har da guɗa. Ta ce tun tana kwance ta yi alkawari in Allah ya tashe ta za ta je Makka, kuma za ta tafi da wanda ya ciyar da ita. Ɗanta ya biya kujera biyu, tata da ta mutum ɗaya, iyakar ƙarfinsa ke nan bana. Ta ce kada a sayar, kada a mayar da ita kuɗi, mutum take so su tafi tare. Ta bar wa Hajiya Tasalla zaɓi, don ita ta san mutanenta.

Nan fa Hajiya ta shiga tsaka mai wuya, don wannan tukuicin ba ya shiga ƙwarya, ba ya rabuwa. Su ukun ba wanda ya taɓa zuwa Makka, ba kuma wanda ya buɗe baki ya nema. Masu wanke-wanke suka ce ta Sallau ce, don da bai zauna ya ciro maganar daga bakin tsohuwa ba, da ba wanda ya san abin da za a nema. Direbobin da ke cin abinci a gidan suka ce ta Mati ce, shi ne ya sa ransa a ruwa, kuma sunan abinci ba ya ƙosar da kowa. Matan kicin suka ce gari da daddawa ba sa cin kansu, da tukunya ta biyu ta ɓaci da wahalar mutum biyun ta tafi a banza, kuma ta Iya Larai ce ta shiga bakin tsohuwa.

Inna Yelwa tana zaune a kan tabarma tana jira, su uku suna tsaye a gaban Hajiya Tasalla. To ku, da ku ne Hajiya Tasalla, sunan wa za ku kira?