Hoton Barau Masunci

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

A wani ƙauye na bakin fadama an yi wani tsohon masunci, Barau, da matarsa Kande. Ran nan Barau ya hau goransa ya tafi su, har rana ta faɗi bai dawo ba. Fadamar kuwa kacala ta cinye ta, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo. Kande ta aika birni, gari na wayewa sai ga 'ya'yanta uku, kowa da kayan sana'arsa. Ta ce, "Ku nemo mini babanku, ko da gawarsa ce."

Tanimu, babbansu, mai awon gonaki ne. Ya tayar da ɗan jirginsa mara matuƙi, mai kyamara a ciki. Kande na leƙen wayarsa, ta ga fadamar duka kamar an shimfiɗa tabarma. Can nesa, inda ba wanda ya yi tunanin dubawa, sai ga goran a kife. Amma jirgi daga sama yake kallo, abin da ke ƙarƙashin ciyawa ya gagare shi.

Gambo mai gyaran lantarki ne, yana da kyamarar da ke ganin ɗumin abu. Suka shiga kwalekwale zuwa wurin goran, ya haska cikin kacala, ɗigon ja biyu suka bayyana a fuskar kyamarar. Na'urar ba ta san mutum ba, ba ta san dabba ba. Suka sassare ciyawa zuwa na farko, ashe maraƙi ne ya maƙale a laka. Na biyun Barau ne, kwance a kan tudu, da sauran numfashi.

Da ya farfaɗo ya ce kututture ne kawai ya buge shi, a kai shi gida. Laraba, autarsu, ungozoma ce, tana da na'urar hoton ciki da ake haɗawa da waya. Ta ɗora masa.

Ya ce, "Ke ja'ira, ni mai juna biyu ne?"

Ta ce, "Baba, jini ke taruwa a cikinka."

Na'urar ta gani, amma ba ta ɗinki. Suka garzaya da shi asibiti, likita ya ce da an kai shi gida, da bai kwana ba.

Da ya warke, Barau ya ce wa Kande, "Ni da ban taɓa yarda an ɗauke ni hoto ba, an ɗauki gorana, an ɗauki ɗumina, har hanjina an leƙa, fuskata kaɗai ta rage. Zan zauna sau ɗaya tak, wanda ya ceci raina shi zai ɗauka. Ke kika haife su, ki zaɓa."

Kande ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta dubi autar.

Ƙurunƙus kan ɓera. To jama'a, ku taya Kande: a cikin ukun nan, wa ya fi cancanta ya ɗauki hoton?