Shekarar da Aka Bar Gayyar Yaɓe

An yi wani sarki a ƙasar Rafin Gamji ana ce masa Jatau, mutum ne mai jinƙan talakawansa, sai dai umarninsa yakan riga shawararsa fita. Wata damina guguwa ta yaye jinkar rabin garin, abin ya tsaya masa a rai, saboda haka da bazara ta kewayo ya sa aka yi shela cewa kowane maigida ya yaɓe katangarsa, ya ɗaure jinkarsa, ya gyara indararonsa kafin ruwan farko, wanda kuwa dogarai suka tarar da gidansa babu shiri, kurkuku ce makomarsa.

Al'adar garin tun kaka da kakanni gayya ce: mazan unguwa su kwaɓa ƙasa tare, su fara da gidajen tsofaffi da marasa ƙarfi, su ƙare da nasu. Amma tsoron dogari ya fi ƙarfin kunyar maƙwabci, kowa ya duƙufa a kan katangarsa. Akwai wata tsohuwa mai suna Inna Dudu, ba miji ba ɗa, da dogarai suka iso ƙofarta suka ga ɗakinta ya tsage, sai suka ce ai ba a ɗaure tsohuwa, suka wuce suna ganin sun yi mata alheri.

Maƙwabcinta wani baduku ne, Tanimu, wanda ya ƙara wa indararonsa tsawo don ruwa ya yi nesa da gindin soronsa. Ranar da hadari ya haɗo da la'asar, aka kece da ruwa da iska, indararon ya yi ta kwarara a gindin ɗakin tsohuwa har ɗakin ya rufta da ita a ciki. Ko da aka tone ta, rai ya yi halinsa.

Sarki ya sa aka kawo Tanimu a ɗaure, ya dubi wazirinsa Ishaƙa, dattijo mai jinkirin magana, ya ce, "Waziri, ruwa na Allah ne, ɗaki na tsohuwa, indararo na wannan mutum. Gaya mini wanda ya kashe ta. In shi ne, ransa ne fansar nata."

Waziri ya juya ga baduku ya ce, "Bawan Allah, ba ka ga inda ruwanka zai sauka ba?"

Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi idona na kan soro, kunnena na bakin ƙofa ina sauraron dogarai. Tsohuwar ta leƙo ta katanga ta ce, 'Tanimu, yaushe ne gayyar bana?' Na ce, 'Inna, bari in gama nawa.' Ran da na gama, ran nan hadari ya taso." Kuka ya ci ƙarfinsa.

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, in an ba ni aminci zan faɗa. Wannan mutum ya yi sakaci, amma sakacinsa bin umarni ne. Shelar ta ce kowa ya tsare gidansa, ba ta ambaci wanda ba shi da mai tsare masa ba. Ɗakin nan ya sha damina da yawa yana tsaye, domin kowace shekara hannun unguwa yana kansa, bana kuwa fada ce ta janye hannun. Ina zaune a nan aka yi shelar, na hango aibinta, na yi shiru don kada in ɓata wa sarki rai. In za a ɗaure masu laifi, a fara da ni, na biyun kuwa harshena ba zai iya kiran sunansa ba."

Sarki ya rufe fuska da hannun rigarsa, sannan ya ce, "Ni zan kira maka shi, Jatau ne. Ku kwance wannan bawan Allah."

Ya soke shelar, ya mayar da gayya, ya kuma yafa wa waziri alkyabbar da ke jikinsa. Waziri ya karɓa babu murna ya ce, "Da na faɗi maganar nan da bazara, ranka ya daɗe, da babu kyauta, amma da tsohuwa tana raye."

Abin baƙin ciki ke nan, gaskiya ta iso fada bayan an dawo daga maƙabarta. Mai mulkin da ke son adalci ya auna umarninsa da mafi rauni a cikin mutanensa tun kafin ya furta shi, domin hukunci yana kwance ɗaurarre, amma ba ya tayar da wanda aka binne.