Mai Agogo da Ragar da Ya Ƙi Binnewa

Akwai wani mai gyaran agogo, irin mutanen nan da ko gaishe su ka yi da fara'a sai sun tsaya tunanin me kake nema a wurinsu. Kowa a layinsu Mai Agogo yake ce masa.

Maƙwabcinsa wani dattijon kafinta ne. Shekara ashirin suna tare, katangar da ta raba bayan gidajensu ko ƙugu ba ta wuce ba. A kanta suke gaisawa kowace safiya, ta kanta ake miƙa gishiri da ashana. Idan ƙofa ko kujera ta lalace a gidan Mai Agogo, ta nan Kafinta yake ɗaga ƙafa ya tsallako da gudumarsa, ba sai ya zagaya ba.

Mai Agogo yana kiwon kaji goma sha biyu a bayan gida. Kwatsam sai suka fara ɓacewa, kuma da rana tsaka, lokacin da yake shago.

Ranar da ta uku ta ɓata, ya leƙa ta katanga, ya hango gashin kaza a gindin katakon da Kafinta ya tara. Daga ranar gaisuwarsa ta gajarce.

Ya samu matarsa a kicin ya ce, "Maman yara, wa ke wuni a gida a layin nan in ba shi ba?"

Ta ce, "Haba Baban yara, ka ji tsoron Allah. Mutumin da ya haɗa gadon da 'ya'yanka suka girma a kai?"

Ya ce, "Ai da ɗan gari akan ci gari."

Washegari ya sayo ragar waya naɗi guda, da katako, da kwanon rufi, da manyan kwaɗo biyu. Ga kafinta a maƙwabta, amma gogan naka ya zage shi kaɗai. Hannun da ya saba da 'yan mitsi-mitsin kusoshin agogo, ya sha dukan guduma har yatsa ya kumbura.

Aiki dai ya yi kyau, ba a hana shi. Ɗakin kwanan kajin ya yi masa rufin kwano. Filin da za su riƙa yawo ya kewaye shi da raga mai tsawon mutum, ya ɗaura tsohon gidan sauro a sama saboda shaho.

Yana cikin ɗaure ragar, Kafinta ya jingina da katanga ya ce, "Sannu da aiki, maƙwabci. Amma kada ka tsayar da ita a kan ƙasa haka. Haƙa rami kamu biyu ka binne gindinta, ka lanƙwasa bakin ya kalli waje. Tunku ne ke yi maka ɓarna, na ga sawunsa a gindin katakona. Shi haƙa yake yi, ba ruwansa da kwaɗo."

Mai Agogo ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Nan take ya buga lissafinsa: in ya binne kamu biyu, tsawon ragar zai ragu da kamu biyu, mai doguwar ƙafa ya tsallaka ke nan. A ransa ya ce, wato so yake in gajarta masa hanya. Kuma ɓarawo ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi.

A fili kuwa ya ce, "Na gode, Baba Kafinta. Ashe har ka san ta inda ake shiga."

Dattijon ya dube shi, sannan ya koma kan aikinsa.

Mako guda lafiya lau. Sai aka rasa kaza, kwaɗo biyu kuma suna nan a kulle. Bayan kwana biyu aka sake rasa wata. Mai Agogo ya ce lallai an yanka makulli. Ya canza kwaɗon, ya ɗaure makullan a ƙugunsa, ko matarsa ya hana ta taɓawa. Duk da haka kaji suka koma biyar.

Rannan ya yi sallama kamar zai tafi shago, ya zagayo a ɓoye ya shige ɗakin ajiya, ya kafa ido a tsagar taga. Zafi ya dafa shi, sauro ya yi bukinsa, amma mai zargi ba ya gajiya.

Can da rana ta take, sai ga Kafinta ya tsallako katanga, buhu a kafaɗa, diga a hannu. Ya zagaya bayan akurkin ya tsuguna kusa da duron ruwa.

Mai Agogo ya banko ƙofa yana ihu, "Ɓarawo! Jama'a, ɓarawo! Yau na kama shi!"

Kan ka ce kwabo bayan gida ya cika da maƙwabta. Ya fizge buhun daga hannun dattijon ya zazzage a gaban kowa. Ba kaza a ciki. Guntayen ragar waya ne, da filaya, da fasassun duwatsu.

Matarsa ta fito da gudu, hannu a ka. "Wayyo Baban yara, me ka yi? Ni na roƙe shi ya zo ya binne ragar! Na ga ba ka jin magana, kaji kuma suna ƙarewa."

Kafinta ya miƙe tsaye. Ya mirgina duron gefe. A ƙarƙashin ragar ga wani rami da hannu zai shiga, bakinsa ya yi santsi don yawan shige da fice, gashin kaza ya maƙale a waya.

Kunya ta rufe Mai Agogo, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Ya ce, "Baba, don Allah..."

Dattijon ya ce, "Matsa mini, maƙwabci. Na yi wa matarka alkawari."

Mutane na kallo ya haƙa rami ya kewaye akurkin kaf. Ya haɗa guntayen ragar da gindin tsohuwar, ya lanƙwasa bakinsu waje, ya danne da duwatsu, ya mayar da ƙasa ya tattake. Gumi na zuba, amma da Mai Agogo ya miƙa hannu zai karɓi digar, sai ya girgiza kai.

Da ya gama ya karkaɗe wandonsa ya ce, "Kajinka sun tsira. Ni kuma na yafe maka." Sannan ya ɗauki buhunsa ya fita ta ƙofar gida, karo na farko a shekara ashirin.

Tun daga ranar ko ɗan tsako bai sake ɓata ba. Tunku ya zo ya haƙa, ya ci karo da waya, ya haƙura.

Bayan kwana uku Mai Agogo ya fito da sassafe, ya nufi katanga da gaisuwar da ya daɗe yana shiryawa a bakinsa. Sai ya tarar an ɗora mata bulo layi huɗu, simintin ko bushewa bai gama ba. Yana jin karar zarton Kafinta daga can ciki. Ya yi ɗage, ya miƙa wuya, bai hango komai ba.

Darasi: Zargi ba ya kama ɓarawo, masoyi yake kora. Kafin ka kira wani da mummunan suna, ka fara duba ramin da ke gindin naka akurkin. Kaza in ta ɓata ana sayen wata, amma amanar shekara ashirin ba a samunta a kasuwa. Ku tura wa 'yan uwa da maƙwabta, wataƙila wani ya riƙe harshensa kafin a ɗora masa bulo.